Minti arba'in a Elmina, sai aka ce a fito mota za ta tashi

Ƙarfe biyar na asuba muka bar babban birnin Gana, Akra (ko Ankara, kamar yadda tsofaffin fatake ke ce mata), wai don mu tsere ma cunkoson Kasoa, amma duk da sammakon sai da muka ci fiye da awa uku a hanya, alhali tafiyar zuwa Cape Coast ba ta wuce kilomita 150 ba. Mu goma sha takwas ne a bas ɗin. Wanda ya shirya tafiyar tun da daddare ya turo mana tsari a WhatsApp, da safe gadar sama ta dajin Kakum, da hantsi gidan bayi na Cape Coast, bayan azahar na Elmina, da la'asar a sauka bakin teku a sha iska a yi hotuna, kafin dare ya yi nisa mun koma. Duk a wuni ɗaya fa. Lokacin da na gani ni ma cewa na yi kai wannan ai garaɓasa ce, wuri huɗu a kuɗin tafiya ɗaya.

To tunda na dawo abin ke cina a rai, kuma ni dai yanzu ra'ayina shi ne wannan haɗa-haɗar ba ta dace ba sam. Gidan da aka tsare mutane aka loda su a jirgin ruwa kamar buhunan hatsi bai kamata a cusa shi tsakanin lilo a kan gada da wasan ruwa ba. Sannan akwai wani abu da ya fi wannan damuna, wato yadda mu masu jin Hausa muke shiga wurin a matsayin 'yan kallo, kamar wani fim ake nuna mana na Turawa da baƙaƙen Amurka wanda babu ruwanmu a ciki. Zan zo kan wannan, bari dai in fara da abin da idona ya gani.

Mun iso Elmina a gajiye, mun riga mun sha rana a Kakum mun yi ihu a kan gada, mun bi ta Cape Coast a gurguje, ciki kuma ya ɗauki abinci jiki ya mutu. Ginin kansa in ka hango shi daga nesa wallahi kyakkyawa ne, fari fat a kan dutse, teku ta gefe ɗaya, tafkin Benya ta ɗaya gefen cike da kwalekwalen masunta masu fenti kala-kala da tutoci. Mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482, wani Diogo de Azambuja ne ya jagoranci aikin, kuma shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. Ka lissafa, shekara goma kenan kafin Kolombus ya isa nahiyar Amurka. Da farko ma zinariya suka zo nema, sunan garin daga kalmarsu ta mahaƙa ya samo asali, har a farkon lamarin su ne suke kawo bayi daga ɓangaren Benin su sayar a nan a ba su zinariya. Daga baya da gonakin rake suka buɗe a Birazil da tsibiran Karebiyan sai kasuwa ta juya, ɗakunan da aka gina don ajiye kaya suka koma na ajiye mutane. A 1637 'yan Holan suka jawo igwa kan tudun da ke fuskantar gidan suka yi ta luguden wuta har suka ƙwace shi, suka riƙe har 1872 da suka miƙa ma Ingila. Tudun nan yana nan da ƙaramin sansaninsa, ana hango shi daga bene, amma ba mu hau ba, wa ya ga lokaci.

Jagoran da ya zaga da mu saurayi ne mai natsuwa, daga gani ya maimaita labarin nan sau dubu amma bai maida shi waƙa ba. Ya kai mu tsakar gidan mata. Ka ɗaga kai sama sai ka ga barandar gwamna, daga nan yake tsayawa a fito masa da mata ya nuna wadda yake so, a wanke ta a hau da ita ta wani tsani da ke ɓullewa ɗakinsa. A ƙasa akwai dunƙulen ƙarfen igwa, yace wadda ta ƙi a nan ake ɗaure mata shi a ƙafa a bar ta a rana. Na sunkuya na taɓa ƙarfen, da zafi rau. Daga nan muka shiga ɗakin da ake tsare su, kuma abin da babu hoton da zai nuna maka shi ne wari. Shekara ɗari biyu da daina cinikin, amma ɗakin yana da wani irin hamami mai nauyi, danshi da gishiri da wani abu da ban san sunansa ba, har wata Hajiya da ke cikinmu ta ja mayafi ta rufe hanci tana ta salati ƙasa-ƙasa.

A Cape Coast kuwa da safe, a kurkukun maza, jagoran can ya nuna mana alama a bango yace kafin masu binciken tarihi su tona, daɓen ya kai nan, kuma abin da ya taru ya daskare ɗin bayan gida ne da jini da amai da ragowar abinci na shekara da shekaru. Ma'ana abin da ka taka ɗin daga jikin mutane ya fito. Sannan daidai saman kurkukun, kai da kai, coci ne, suna sama suna ibada na ƙasa na nishi. Ya kashe ƙwan lantarki yace mu yi shiru na minti ɗaya. Duhun nan har kamar ka dafa shi, hasken da ke shigowa ta wata 'yar kafa can sama bai kai ya nuna maka tafin hannunka ba. Ba mu ko cika mintin ba wayar wani ta ɗau ƙara, wai direba ne yana tambaya ko mun kusa.

Kun ga inda matsalar take. Wuri irin wannan sai ka zauna, sai jikinka ya gaya maka abin da kunne bai ɗauka ba. Alƙaluman dai kowa zai iya karantawa a gida, mutum miliyan 12.5 aka loda daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika, kimanin miliyan 10.7 suka isa da rai, sama da miliyan ɗaya daga wannan gaɓar ta Gana kaɗai suka tashi. Amma miliyan ba ta shiga kai. Abin da ke shiga shi ne ka tsaya a ƙofar nan ta Elmina da ake ce ma ƙofar da ba a dawowa, ka ga 'yar tsaga ce siririya wadda sai mutum ɗaya, shi ma sai ya karkata, ka gane cewa wanda ya yi wata biyu ko uku a duhu da yunwa ai ya rame ya isa wucewa. Mu kuwa layi muka yi a wurin, kowa ya leƙa ya matsa, na baya na cewa a yi sauri. Na duba agogo da muka fito, minti arba'in da 'yan kai muka yi a gidan da ya shekara sama da 540.

Maganar hoto kuwa, ni ban ce kar a ɗauka ba, ni ma na ɗauka. Amma akwai bambanci tsakanin ka ɗauki ƙofa da ka tsaya a cikin ƙofar ka turo baki ka ɗaga yatsu biyu kana cewa a sake wannan bai fito ba. Wata baiwar Allah baƙar fata, daga jin Turancinta daga Amurka ta zo, tana durƙushe a lungun da ake ajiye furanni tana kuka har kafaɗunta na rawa, mu kuma 'yan bas ɗinmu suna bayanta suna gardamar wa zai tsaya a tsakiya. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage. Kuma yaran ba mugaye ba ne fa, tun safe aka ɗora su a kan yanayin biki, an ce musu yawon shaƙatawa ne, awa biyu da suka wuce suna kan gada suna shewa, awa ɗaya mai zuwa za su shiga ruwa, to ta yaya kake so zuciyarsu ta juya a tsakani kamar ana canza tasha a rediyo. Laifin tsarin ne kafin ya zama nasu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu ba banza ba ce. Ba kowa ke da kuɗin kwana a otal ba, mai wuni ɗaya in bai haɗa ba to ba zai taɓa gani ba, kuma da babu gara ba daɗi. Sannan mutanen garin su ma ai rayuwa suke, Elmina gari ne na masunta mai hada-hada, ba maƙabarta ba, ka leƙa ta wannan ƙofar ma abin da za ka gani masu gyaran koma ne da yara suna ƙwallo a yashi. Samarin da ke tare ka a bakin ƙofa su tambayi sunanka, kafin ka fito sun rubuta shi a ɓawon katantanwar teku suna jiran ɗan abin da ya samu, su ma da baƙin nan suke ci. Wannan jayayyar ba sabuwa ba ce, a shekarun 1990 da aka yi ma gidajen gyara baƙaƙen Amurka sun yi ƙorafi sosai kan fenti da kwaskwarimar da suke ganin tana shafe tarihin, su kuma masu kula da wurin suna cewa in ba a gyara ba iskar gishiri za ta cinye ginin, kuma tarihin gidan ya haɗa da zinariya da mulkin mallaka, bai tsaya kan bayi kawai ba. Kowa da gaskiyarsa. UNESCO ta sa gidajen cikin kayan tarihi na duniya tun 1979, Obama ya zo Cape Coast da iyalinsa a 2009, a 2019 gwamnatin Gana ta yi shekarar dawowa gida don cika shekara 400 da sauke bayin farko a Virginia, jama'a suka yi ta tururuwa, kuɗi ya shigo. Ban ga aibin kuɗin ba. Abin da nake cewa kawai, in wuni ɗaya gare ka to ka ɗauki gida ɗaya ka ba shi wunin. In ma dole sai ka haɗa, ga Assin Manso nan a kan hanyar Kumasi, rafin da ake yi ma bayi wankan ƙarshe kafin a gangara da su bakin teku, inda a 1998 aka binne ƙasusuwan bayi biyu da aka dawo da su, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, bayan an shigo da su ta ƙofar Cape Coast. Wannan haɗin ya yi ma'ana. Gadar Kakum ba inda za ta, a je mata wata rana.

To yanzu ga abin da ya sa ni zaman rubutun nan tun farko. Muna fitowa daga Elmina wani saurayi da muke kujera ɗaya, ɗalibi ne mai hankali, ya sauke ajiyar zuciya yace min, Malam, Allah ya so mu wallahi, mu na tudu wannan masifar ba ta iso mu ba, mutanen kurmi ta ci. Ban ce masa komai ba a lokacin don hayaniya ta yi yawa, amma maganar ta tsaya min a wuya, don na san ba shi kaɗai ba ne, da yawanmu haka muka ɗauka.

Ina mutanen da ke cikin kurkukun nan suka fito? Ai ba daga teku aka kamo su ba. Turawan nan galibi ba sa shiga cikin ƙasa, zazzaɓi ma ya ishe su, suna zaune a bakin ruwa har kuɗin haya suke biyan masu ƙasa, ana kawo musu mutane suna ba da bindiga da albarushi da yadi da barasa da ƙarfe. Daga wajen 1740 da wani abu daular Asante ta ɗora ikonta a kan ƙasashen Gwanja da Dagomba da ke arewa da ita, kuma cikin harajin da ake kai mata Kumasi har da bayi, wasu a riƙe wasu a gangara da su. A yaren Akan akwai kalma ta musamman, odonko, ga bawan da aka sayo daga arewa, rafin Assin Manso ɗin ma Donkor Nsuo ake ce masa, ruwan bayi. Wato tudun da abokina yake gani ya tsira, yana cikin inda ake ɗebowa.

Sai kuma Salaga, tsohon garin kasuwa na ƙasar Gwanja a arewacin Gana. Duk Bahaushen da ya taɓa jin fataucin Gwanja ya san goro ake zuwa ɗauka, muna alfahari da ayari da madugu da jaji da jakai ɗaruruwa, tafiyar watanni. Amma me ake kaiwa a karɓo goron? Kanwa, tufafi, fatu, dabbobi, da bayi. Kasuwar bayin Salaga sananniya ce, rijiyoyin da ake shayar da su ake musu wanka suna nan har gobe. In za a yi adalci, bunƙasar fatakenmu a Salaga ta fi ƙarfi ne a ƙarni na 19, bayan Ingila ta haramta ma 'yan ƙasarta cinikin a 1807, Holan ta bi a 1814, saboda haka ban ce duk wanda aka sayar a Salaga ya ƙare a Elmina ba. Abin da ya faru ma ya fi haka muni ta wata fuskar, an rufe ƙofar teku amma kamun mutane bai tsaya ba, sai ya koma cikin gida. Babatu da mayaƙansa Zabarmawa a ƙarshen ƙarnin suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi da ke arewacin Gana da kudancin Burkina Faso na yanzu, babu jirgin Bature ko ɗaya da ke jiransu. Kuma harshenmu ma shaida ne, daga ina muka samo rinji da bacucane da kuyanga da ƙwarƙwara in ba abin ya zauna a cikinmu ba? Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya. Kakannin wasunmu sun riga wannan shekarar zuwa duniya.

Ta ɗaya ɓangaren kuma mu ma an sayar da mu. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun zubar da Hausawa da yawa zuwa kudu, aka fitar da su ta Legas da Badagiri da Wida, mafi yawa zuwa Bahiya a Birazil. Ba ta Elmina suka bi ba, amma irin wannan ƙofar ce, irin wannan duhun. A can sun yi suna wajen tawaye, an bankaɗo shirin Hausawa a 1807, sun tashi a 1814, sannan a watan Janairun 1835 cikin azumi bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador, Yarabawa ne suka fi yawa amma da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an samu layu da rubutun Larabci. Ka yi tunani, mutumin da ya yi karatun allo kamar ni da kai, ya ƙare a gonar rake da laya a wuya. Yaushe aka taɓa gaya mana wannan a aji?

Akwai ma na uku, wanda ya fi ba ni mamaki. A 1863 wani Bature Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas da Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu. Su aka kwaso zuwa wannan gaɓar a shekarun 1870, aka yi yaƙin Asante da su na 1873 zuwa 1874 wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa, daga nan sunan Hausa ya manne ma sojan Turawa a ƙasar, wasu zangunan bakin teku ma da iyalan sojojin nan suka fara cika. A Elmina akwai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can Seychelles, bai dawo ba sai 1924. Mun wuce ta ƙofar ɗakin kamar walƙiya. Kenan a labarin gidan nan muna cikin waɗanda aka sayar, muna cikin masu sayarwa a kasuwannin tudu, muna kuma cikin masu riƙe ma Bature bindiga. Ta ina muka zama 'yan kallo?

Kar wani ya ɗauka ina wanke Turawa ne, ko kusa. Su suka gina gidan, su suka kawo jiragen, su suka ƙirƙiro bautar da ake gadonta da launin fata, su suka ci ribar da ta gina biranensu, wannan ba ya gogewa don wani sarki ya karɓi bindiga. Amma zagin Bature abu ne mai sauƙi, minti arba'in ya isa ka yi shi ka fito ka ji kai na kirki ne. Wanda ke buƙatar zama shi ne ɗaya tambayar, wa ya kamo, wa ya saya a hanya, me ya sa har yau a wasu gidaje in maganar aure ta taso sai an yi raɗa a kan asali. Ita wannan ba a yinta direba na danna oda a waje.

A hanyar dawowa, cikin cunkoson Kasoa da muka guje ma da safe ya kama mu da dare, na ɗan ba saurayin nan labarin Salaga da Bahiya. Ya saurara, yace shi bai taɓa ji ba, amma anya Malam ba ƙari a ciki, sai ya maida abin jin sautinsa a kunne. Ban ji haushi ba, gajiya ta gama da kowa. Washegari na kira wanda ya shirya tafiyar na faɗa masa ra'ayina, ya saurare ni tsaf sannan yace, Malam, in na cire Kakum da bakin ruwa mutum nawa kake gani za su biya? Gaskiya ban da amsar da zan ba shi, ya fi ni sanin kasuwarsa. Yanzu dai ina haɗa tawa tafiyar, daga Salaga za mu faro mu biyo ta Kumasi mu tsaya Assin Manso, sannan Elmina a ba ta wuni guda cur, kwana huɗu na lissafa. Na faɗa ma mutum goma sha ɗaya, biyu sun ce za su je, ɗayan ma sai da ya tambaya ko za a biya ta Kakum.